Wata ɗaya da Feliway Friends a gidan maguna biyu

Shekara huɗu magenmu Gimbiya ta yi tana cin karenta babu babbaka a gidanmu, kafin yarana su tsinto wani ɗan muzuru a bayan masallacin unguwa, ɗan kimanin wata uku, haƙarƙarinsa duk a waje. Muka sa masa suna Auta. Likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya yi masa allurar rigakafi, ya kuma ja mini kunne kada in haɗa su a ranar farko. A bakinsa na fara jin sunan Feliway Friends, wani abu da ake amfani da shi don rage rikici tsakanin magunan gida ɗaya, sai na sa ƙanwata ta sayo mini a wani shagon kayan dabbobi a Abuja.

'Yar kwalba ce mai ruwa mililita 48, ana ɗaura ta a wani kai da ake cusawa a soket, kamar maganin sauro na lantarki. Kamfanin Ceva na Faransa ke yin sa. Abin da yake watsawa a iska kwaikwayo ne na sinadarin da uwar mage ke fitarwa ta wajen nonuwanta bayan haihuwa, wanda ke kwantar wa 'ya'yanta hankali. Mutum ba ya jin warinsa, kuma ba maganin barci ba ne. Kwalba ɗaya tana kai kwana 30 a wurin da bai wuce murabba'in mita 70 ba, da sharaɗin a bar ta a kunne dare da rana, kuma kada kujera ko labule su tare ta. Nan ne mazaunin Kano zai tsaya ya yi lissafi kafin ya saya. Ni a layin sola na falo na jona tawa.

Kwana takwas Auta ya yi a ɗakin ajiya shi kaɗai. Ranar da Inna ta zo ta ji kukansa ta bayan ƙofa, ranta ya ɓaci. Ta ce, "Ke, kin manta hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha?" Na ce, "A'a Inna, leƙa ki gani." Ta ga ruwa da abinci da tiren yashin da yake fitsari da kashi a ciki, tun daga nan kuma ita ke tuna mini in sauya masa ruwa. Kullum nakan shafa tsumma a kumatun ɗaya in ajiye wa ɗayan, don su san warin juna kafin su haɗa ido.

Da aka buɗe ƙofa, kwana biyu sai huci da gurnani daga Gimbiya. A rana ta biyar na iske su sun sarƙe a ƙasa, ta danne shi, yana harbin cikinta da ƙafafun baya. Gabana ya faɗi. Amma da na daure na tsaya kallo, sai na lura babu mai kuka a cikinsu, faratansu a noƙe, kunnuwa a tsaye. Ta sake shi, ya ruga bayan kujera, can sai ga shi ya dawo da kansa ya ɗafe mata wuya, ita kuma ta zube ta ba shi ciki. Yanzu wannan ne a sama, an jima wancan, su tsaya su huta, su koma. Wasa ke nan. Wani bincike da mujallar Scientific Reports ta buga a 2023 ya duba bidiyo 105 na maguna 210, ya gano cewa kokawa ta fi zuwa da wasa, yayin da ƙara da kora suka fi zuwa da faɗa, akwai kuma wani rukuni a tsakani da kan fara da wasa ya rikiɗe.

Abin da ya kamata ya tayar mini da hankali ashe ba shi da ƙara ko kaɗan. Gimbiya takan miƙe a tsakiyar lungun da ke zuwa wajen tiren yashi kamar mai hutawa, ta kafe Auta da ido. Ba ta taɓa shi. Shi kuwa ya zo rabin hanya, ya lafe, ya juya. In an zuba abinci sai ya yi lomar gaggawa yana waige. Sai da na sami fitsarinsa a bayan buhun shinkafa sannan na haɗa zaren: kwana uku tana tsare masa hanya a gabana. Abin ya yi mini ciwo sosai, domin duk lokacin hankalina yana kan kokawarsu.

A ganina Feliway ya sauke zafin da ke tsakaninsu. Zuwa mako na biyu hucin ya ragu ƙwarai, Gimbiya ta koma kwanciya a falo bayan ta ƙaurace masa. Tsare hanya kuwa gyaran gida ne ya magance shi. Na mayar da tiren yashi uku, wato kowace mage da nata da ƙarin ɗaya, a wurare daban yadda ba za ta iya gadinsu duka ba. Na raba musu kwanon abinci da na ruwa, na kwashe kayan saman kabad don Auta ya sami inda zai haye. Bai sake fitsari a wani wuri ba.

Duk mai muzuru ya kiyaye wannan: in yana yawan tsuguno yana yunƙuri fitsari ba ya fita, a kai shi wurin likita a ranar, domin mafitsara kan toshe kuma tana kisa. In kuwa faɗan gaske ya kaure, gashi ya miƙe, kunnuwa suka kwanta, ana ƙara, kada a sa hannu. A tura kwali ko matashi tsakaninsu.

Na sayi kwalba ta biyu, zan bar ta a kunne har a yi wa Auta dandaƙa ya warke. Daren jiya na fito shan ruwa na same su a kan dardumar falo, Gimbiya tana lasar masa bayan kunne, shi kuma idonsa a lumshe.