Kwarangwal na roba da ake sayarwa a Adum: amfaninsa da naƙasunsa

Ga ɗaliban aikin jinya da ke unguwanninmu na Aboabo da Asawase, kwarangwal na roba da ake samu a shagunan kayan asibiti na Adum, a Kumasi, ya cancanci kuɗinsa, ko da yake ba shi da araha. Na saya wa ƙanwata guda, na kuma duba shi da kyau.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka bambanta ƙashi da guringuntsi. An yi guringuntsin da ke haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji da roba mai laushi, haka ma faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, ta yadda ɗalibi zai danna da yatsa ya gane dalilin da ƙirji ke buɗewa yayin numfashi. Wannan darasi ne babba, domin guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa raunin gwiwa kan daɗe bai warke ba, alhali ƙashi, mai wadatar jini, kan haɗe bayan karaya.

Sai dai daga rukunan nama huɗu da suka gina jiki, wato na rufi (kamar saman fata), na haɗi (wanda ƙashi da guringuntsi suke ciki), tsoka da jijiyoyin saƙo, rukunin haɗi kawai yake nunawa, kuma ba a tsaga ƙashin cinya don a ga ɓargo ba. Takardar da ke lissafa ƙasusuwa 206 na babban mutum rubutunta ƙanana ne ƙwarai. Mai saye ya gwada muƙamuƙi tun a shago, domin wayar da ke riƙe shi takan saki da wuri.