Rel ɗin alminiyam ko firam ɗin walda: wanne ne ba ya sa rufi yoyo?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya a kan me ya kamata ka ɗora fanel ɗin sola a rufinka ba tare da rufin ya yi yoyo ba. Tunda kwanonka na alminiyam ne mai hawa-hawa, wanda masu rufi ke kira sitef-tayil, kuma an ba ka zaɓi tsakanin firam ɗin ƙarfe na mai walda da rel ɗin alminiyam mai ƙafafu, wato dogayen sandunan da ake ɗaure fanel a kansu, shawarata ita ce ka ɗauki rel, ko da hakan zai sa ka rage fanel ɗaya daga cikin waɗanda ka yi niyyar saye. Duka biyun sun hau rufin gidana a nan Kano, kuma rel ɗin ne yake kai har yau.

Firam ɗin walda yana da araha, kuma idan a kan rufin kankare ko a tsakar gida za a kafa shi, ba ni da ta cewa. A kan kwanon alminiyam kuwa, nawa bai cika damina biyu ba sai da silin ɗin falo ya yi taswirar ruwa, domin an huda kwarin kwano inda ruwa ke gudu, aka toshe da silikon, sannan ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu da danshi alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ramin noti ya yi ta faɗi.

Ranar da aka zo ɗora rel, abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mai aikin bai fara da hawa rufi ba. Ya nemi tsani ya shiga cikin silin da tocila da alli, ya bi katakan da kwano ya kwanta a kansu ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Ya sami guda biyu da gara ta ci, ya sauko da guntu a hannunsa ya murtsuke shi a gabana ya zama gari. Muka kira kafinta ya canza su, ya kuma ƙara tubai-fo, wato katako mai inci biyu da huɗu, a duk inda ƙafar rel za ta sauka, saboda tubai-tu, mai inci biyu da biyu, da aka saba sawa a ƙarƙashin kwano ya yi siriri ga wannan aiki. Wannan shi ne ginshiƙin maganar: kwanon da kaurinsa bai wuce milimita 0.45 ko 0.55 ba, ba shi ne zai riƙe fanel ba, katakon da ke ƙarƙashinsa ne. Fanel mai wat 550 yana kai kilo 27 zuwa 28, tsawonsa ya haura mita 2, kuma idan iska ta shiga ƙarƙashinsa ɗaga shi take yi sama, don haka sukurun da bai kama katako sosai ba zai riƙa motsi har ya buɗe wa ruwa hanya.

Da ya hau sama, sai ya shimfiɗa falanki ya riƙa takawa a kai, domin sitef-tayil yana da rami a ƙarƙashin kowane hawa, kuma ƙafa ɗaya ta isa ta lotsa shi ta bar wurin da ruwa zai kwanta. Kowace huda a kan tudun kwano ya yi ta, ko ɗaya babu a kwari. Ƙarƙashin kowace ƙafa akwai baƙar roba irin ta EPDM, wadda rana ba ta saurin farfasa ta, sukurun kuma na sitenles ne, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai washar roba a wuyansa. Na lura yana ɗaurewa ne har robar ta ɗan bazu sannan ya tsaya. Ya ce wanda ya matse ta har ta fito gefe ya riga ya kashe ta. Ya share ɓarɓashin hudar tas, sannan kafin a ɗora fanel ko ɗaya ya sa yaronsa ya riƙa kwara ruwa da tiyo shi kuma yana cikin silin yana duba kowane sukuru. Wayar fanel ɗin ma bai huda mata kwano ba, ta bakin rufi ya zagayo da ita cikin bututu.

Fanel takwas ke kai yanzu, sun ga damina uku. A farkon daminar bara an yi wata iska da dare wadda ta yaye rufin shago a layinmu, na kwana ina sauraron rufina, da asuba na hau tsani na tarar ko ɗaya bai gusa ba. Ruwan Agusta ma ya zo ya wuce silin yana nan fari.

Dalilin da ya sa ba na yarda da aikin da ya dogara da silikon kaɗai shi ne kwanon alminiyam ba ya zama wuri ɗaya. Falle mai tsawon mita 6, idan zafinsa ya canza da digiri 40 tsakanin tsakar rana da asuba, yana miƙewa ya tsuke da sama da milimita 5, kullum ta Allah. Roba tana bin wannan motsi, gam da aka dama a saman noti kuwa ɓallewa yake yi. Idan dole sai an ƙara silikon, a nemi wanda ba ya warin tsami, saboda mai warin nan yana cin ƙarfe. Rel ɗin kuma yana ɗaga fanel kamar santimita 10 daga kwano, iska ta ratsa ta sanyaya fanel ɗin, domin kowane digiri da zafinsa ya haura 25 yana rage masa kusan kashi 0.35 cikin 100 na ƙarfinsa. Ka sa a ɗora a gefen da ke kallon kudu in rufin ya ba da dama, tunda muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma a bar maka hanyar da za ka bi ka wanke ƙurar hunturu ba tare da taka kwano ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen sayen kayan. Akwai masu sayar da sukurun ƙarfe da aka shafe da wani abu mai ƙyalli da sunan sitenles. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu, wanda ya manne masa da ƙarfi ka ajiye musu abinsu. Akwai masu yanka tsohon tiyub ɗin mota su ce robar EPDM ce, akwai kuma rel marar kauri da za ka iya lanƙwasawa da gwiwa. Mai aikin da ya ce maka ba sai ya shiga silin ba, ko ya ce kwanon ma ya isa ya riƙe, ka sallame shi tun kafin ya ɗauko na'urar huda. Ka sayi kayan da kanka ko ka tsaya a buɗe kwalin a gabanka, ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki, kuma ku rubuta a takarda cewa ba za ka cika ba sai an yi gwajin tiyo kana tsaye a wurin.