Kaka guda a filin Brooklyn Cyclones: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

A watan Maris na sayi ƙunshin tikitin kallon wasannin Brooklyn Cyclones, wata ƙaramar ƙungiyar besbol a birnin New York, kujera biyu, tawa da ta yarona mai shekara tara. Kaka ta ƙare a Satumba, kuma tun daga nan mutum uku cikin 'yan'uwan da muke haɗuwa a masallaci nan Bronx sun tambaye ni ko abin ya cancanci kuɗinsa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar sau ɗaya.

Ni ƙwallon ƙafa na tashi na sani. Besbol yaron ne ya shigo mana da shi gida daga makaranta, da hularsa hana-salla da wata tsohuwar safar fata da maƙwabcinmu ya ba shi. Ya daɗe yana roƙon in kai shi fili ya ga wasa da idonsa. Manyan filayen birnin nan mutum zai iya leƙawa sau ɗaya ko biyu a shekara, amma magidancin da ke biyan haya, yana kuma aika na cefane gida, ba zai mai da su wurin zuwa kowane mako ba. Wani abokin aikina ne ya ce in gwada ƙananan ƙungiyoyi.

Ga yadda tsarin yake, don sai an gane shi sauran maganar za ta zauna. Babbar gasar besbol tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu na cikakkiyar kaka inda take renon 'yan wasanta, hawa-hawa kamar azuzuwan makaranta. Cyclones ta New York Mets ce. Yaro yakan fara daga St. Lucie a jihar Florida, in ya yi ƙoƙari a kawo shi Brooklyn, daga nan Binghamton, sai Syracuse, sannan in Allah ya nufa ya taka babban filin Mets da ke Queens. Kafin 2021 irin waɗannan ƙungiyoyi 160 ne, aka rage su zuwa 120. A wannan gyaran ne Cyclones ta tashi daga gajeriyar kaka mai wasa 76 da ke farawa a Yuni, ta koma mai wasa 132 daga Afrilu, rabi a gida rabi a waje. Baƙi sukan zo su sauka mako guda, a buga wasa shida daga Talata zuwa Lahadi, Litinin a huta.

Tafiyar ita ce abu na farko da ya kamata mazaunin Bronx ya lissafa. Jirgin ƙasa na layin D ne, ba canji, amma sai ka kai shi ƙarshen layinsa a Coney Island, kusan awa ɗaya da rabi. Yaron ya fi son inda jirgin ke fitowa daga rami ya hau gadar Manhattan, ruwa a ƙasa, dogayen gine-gine a baya. Dawowar dare ce mai nauyi, don yakan yi barci a kafaɗata tun kafin mu bar Brooklyn, mu iso gida wajen sha biyu. Da makaranta ta buɗe sai muka tsaya a kan wasannin Asabar da Lahadi kawai.

Filin kuwa, gani ya kori ji. An buɗe shi a 2001, sunansa na yanzu Maimonides Park, yana cin mutum wajen 7,000. A gaɓar teku yake. Kana zaune a kujerarka kana hango ruwa ta bayan katanga, ta dama ga doguwar hasumiyar ƙarfen nan da a da ake sakko da mutane daga samanta da lema, ta hagu ga fitilun wurin lilo. Sunan ƙungiyar ma daga tsohon lilon katako na Cyclone aka samo shi, wanda ke aiki tun 1927. Kafin mu shiga ranar farko yaron ya ja ni wurin mutum-mutumin da ke bakin ƙofa: Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariya a babbar gasa a 1947, da abokin wasansa Pee Wee Reese ya dafa kafaɗarsa. Shi ya ba ni labarin, ba ni na ba shi ba. Ƙungiyarsu ta Dodgers ta bar Brooklyn bayan kakar 1957, unguwar ta zauna sama da shekara arba'in ba ta da ƙungiyar ƙwararru sai da Cyclones ta zo. Tsofaffin da ke zama kusa da mu har yau suna maganar tafiyar Dodgers kamar jiya aka yi.

Tekun da ke ƙawata wurin shi ne kuma ke hukunta wanda bai shirya ba. Wasanmu na farko a Afrilu da dare ne, muka fito Bronx da rigunan sanyi marasa nauyi saboda rana ta yi kyau. Rana na faɗuwa iska ta taso daga ruwa, sanyi mai ratsa ƙashi, muka tashi a zagaye na biyar cikin tara. Daga ranar ban ƙara zuwa ba bargo ba sai da Yuni ta shiga. Iskar nan har wasan take taɓawa: sau da yawa za ka ga an maka wa ƙwallo sanda ta tashi kamar za ta tsallake katanga, jama'a sun miƙe, sai ta tsaya a sama ta faɗo hannun mai tsaron baya. Mai son ganin ana ta fitar da ƙwallo waje ya san da wannan. Filin masu jifa ne.

Amma abin da tikitin ya saya mana na gaske shi ne kusanci. Kujerunmu layi kaɗan ne daga rumfar 'yan wasa. Kana jin ƙarar ƙwallo a cikin safar mai cafewa, kana jin koci yana kiran yaro da sunansa, kana jin Sifaniyanci da Turanci suna cakuɗe. In ka iso da wuri, 'yan wasan sukan tsaya a bakin shinge su sa wa yara hannu a kan ƙwallo ko hula. Da na gan su kusa sai jikina ya yi sanyi, domin yara ne. 'Yan shekara ashirin, ashirin da biyu, wasu gemu bai gama fito musu ba. Da yawansu daga Jamhuriyar Dominika ko Venezuela suke, inda ake ɗaukar yaro tun yana ɗan shekara 16.

Akwai guda ɗaya da yarona ya ɗauka nasa, siriri, mai tsaron tsakiya, mai zafin nama. Turancinsa kaɗan ne. Wata Lahadi a Yuni ya hango yaron yana miƙo safarsa ta saman shinge, ya ɗauki ƙwallon da suka gama motsa jiki da ita, ya goge ta a wandonsa, ya sa masa a cikin safar da hannunsa, ya ƙwanƙwasa bakin hularsa da yatsa. Shi ke nan. Yaron bai yi magana ba har muka zauna, yana riƙe da ita da hannu biyu kamar ƙwai. Daga ranar lambar rigarsa ya rubuta a bangon littafinsa, duk safiya sai ya karɓi wayata ya duba abin da ya buga jiya.

Ranar wata Asabar a ƙarshen Yuli muka zo, aka karanto jerin masu wasa, babu shi. Yaron ya duba rumfa, ya duba fili, ya ce, "Baba, ko ciwo ya ji?" Wata dattijuwa da ke bayanmu, wadda ke rubuta kowane jifa a littafinta da fensir, ta sunkuyo ta gaya mana an ɗaga shi zuwa Binghamton tun ranar Talata. Ta ce abin murna ne. Yaron ya gyaɗa kai, amma na ga idonsa ya kawo ruwa, gugguru ma ya ƙi ci.

A jirgi na yi ta tunanin yadda zan fahimtar da shi, sai na ga ai labarinmu ne. Na ce masa, "Ka ga yadda na baro gida na zo nan neman abin rufin asiri? Shi ma ci-rani ya zo. Brooklyn zango ce a wurinsa, ba gida ba. In ya daɗe a nan, abin bai yi kyau ba ke nan." Ya yi shiru, can ya ce, "To mamarsa tana ina?" Na ce tana can ƙasarsu, wataƙila ita ma wayarta take dubawa kowace safiya.

Wannan shi ne abin da duk mai shirin sayen tikitin nan ya kamata ya sani tun farko. Ƙungiyar da ka gani a Afrilu ba ita za ka gani a Agusta ba. Wanda ya yi fice a ɗauke shi, wanda ya kasa a mai da shi ƙasa ko a sallame shi, sababbi su iso da jakunkunansu. Za ka ga mai jifa yana kan ganiyarsa, baƙi sun kasa taɓa ƙwallonsa, sai koci ya fito ya karɓe ta saboda ya cika adadin jifan da aka ƙayyade masa don kare hannunsa. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, inda maki uku ne komai, zai ji abin ya tsaya masa a rai. Ni ma na ji da farko. Daga baya na gane cin wasa ba shi ne kan gaba a nan ba, renon yaran ne. Kuma renon yana haihuwa: Brandon Nimmo ya buga a filin nan a 2012, Michael Conforto a 2014, Pete Alonso a 2016, duk suka zama manya a Mets. Amma mafi yawan waɗanda muka tafa wa ba za su kai can ba, su ma sun sani, kuma haka suke fitowa kullum su yi ta gudu a cikin iskar nan. Wannan ya sa nake girmama su.

Na ji daɗi da na san rayuwarsu ta ɗan gyaru. Tun 2022 aka ɗora wa manyan ƙungiyoyi nauyin ba su masauki, a da kuwa sukan cunkushe a ɗaki ɗaya ko su sauka a gidajen masu taimako. A 2023 suka samu yarjejeniyar ƙwadago ta farko, mafi ƙarancin albashi a matakin Brooklyn ya tashi daga dala 11,000 zuwa 27,300 a shekara. Duk wanda ke zaune a birnin nan ya san iya inda wannan kuɗin zai kai mutum, balle mai iyaye da ƙanne suna jira a gida.

Sauran abubuwan a taƙaice. Wasa yakan ɗauki wajen awa biyu da rabi, domin akwai agogon da ke hana mai jifa jan jiki. Tsakanin zagaye ba a barin yara su gaji: ga mai shigar tsuntsun teku da ake kira Sandy yana zagaya kujeru, ga gasar rawa, ga riguna da ake cillo wa jama'a. Wata Lahadi bayan wasa aka bar yara suka shiga fili suka zaga tashoshin da 'yan wasa ke takawa da gudu, kuma a daren Juma'a na bazara akwai wasan wuta a bakin teku. Ruwan sama ya tsayar mana da wasa sau biyu. Ɗaya muka jira ya ɗauke, ɗayan aka ɗaga shi aka haɗa da na washegari, wasa biyu masu zagaye bakwai-bakwai.

Abinci kuwa, mu mukan ci tuwonmu ko shinkafa a gida kafin mu fito, a can mu tsaya a kan gyaɗa, gugguru, soyayyen dankali da askirim. Nama ba na saya sai inda na san yankansa. Salla ita ce na fi damuwa da ita kafin mu fara zuwa, don a Yuni magariba takan kai takwas da rabi, wasa na tsaka. Na riƙa zuwa da alwala da 'yar darduma a jaka, mu sami kusurwa mara cunkoso a ƙarshen baranda, mu fuskanci gabas maso arewa. Yaron ya juya bakin hana-sallarsa baya, mu yi raka'a uku mu koma. Ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Sau ɗaya wani ma'aikaci ya tsaya nesa kaɗan yana karkatar da mutane don kada su gifta ta gabanmu, ban roƙe shi ba, ban kuma manta ba.

To, kwalliya ta biya? A wurina ta biya. Mun je wasa goma sha ɗaya, kuma ban tuna wata kaka da na zauna da yaron nan awa shida a jere, ba waya ba talabijin, kamar wannan ba. Wanda yaransa ba su kai shekara shida ba, ko mai aikin dare, ina ganin ya fara da tikitin wasa ɗaya na ranar Lahadi da rana, a Yuni ko Yuli, ya ga yadda tafiyar za ta karɓe su kafin ya sayi ƙunshi. Kujerun kusa da rumfar 'yan wasa su ne suka cancanci ƙarin kuɗin, kuma a iso minti arba'in kafin a fara.

Mamansu ta ce baɗi sai an ƙara kujera ta uku, don ƙanwarsa ta fara ƙorafin ana barinta. Ƙwallon nan tana kan kantar da ke kusa da gadonsa. Ya riga ya sa na duba masa nisan Binghamton daga Bronx, wajen awa uku ne a mota, na kuma yi masa alkawarin zuwa sau ɗaya in mutuminsa yana can har lokacin.