Manhajar kariya ko bin labarin ɓarayin intanet?

Manhajar kariya irin Avast ko Kaspersky tana gadin abin da ke cikin wayarka ko kwamfutarka. Idan ka sauke fayil mai cuta, yawanci za ta kama shi. Babban aikinta ke nan.

Amma sau da yawa ba daga wayarka ake sace bayananka ba, daga rumbun kamfanin da ka ba amana ne. A watan Afrilun 2021 an watsa bayanan masu amfani da Facebook kusan miliyan 533 a intanet, har da lambobin waya, kuma da 'yan Najeriya a ciki. Babu manhajar da ta isa ta hana wannan.

A nan ne bin labarin ɓarayi ya fi. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ɗan Ostireliya ya buɗe a 2013, yana tattara bayanan da aka sace. Ka sa adireshin imel ɗinka, kyauta, ya nuna maka inda ya fita, ka canza kalmar sirri tun kafin a shiga asusunka. Raunin shafin shi ne, satar da ta fito fili kawai ya sani.

Ni dai da za a ce in zaɓi ɗaya, na biyun zan ɗauka, musamman ga mai kalmar sirri ɗaya a banki da Facebook da imel.