Rawuta, fayiba ko Starlink: abin dubawa kafin ka sa intanet a gida

Yawancin masu kuka da intanet ɗin gida kamfani suke tsine wa. A yar da layi a sayi wani, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Abin da aka tsallake tun farko shi ne gwaji, domin sabis na unguwa ne, wani lokaci ma na ɗaki. Layin da ke gudu a Bompai yana iya rarrafe a Kurna, kuma wanda ke kawowa a soro yana iya ɗaukewa a uwar ɗaka.

Saboda haka kafin ka ciro ko sisi, ari rawutar maƙwabci (na'urar da ke rarraba intanet a gida ta WiFi), ko ka sa layin kamfanin a wayarka, ka buɗe fast.com ko Speedtest, masu auna gudun intanet, a inda za ka riƙa zama. Ka yi gwajin bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau eriya ɗaya da kai. Mai shago da hantsi zai gwada maka, a bakin titi, kuma ba ƙarya ya yi ba idan ya nuna maka gudu. Kai dai ba a shagonsa za ka kwana ba.

MiFi, wato ƙaramar rawutar da ake sa wa layi, ba ta buƙatar dogon bayani. Tana da araha, tana da batir, tana shiga aljihu, ta ishi ɗalibi ko mutum biyu. Sai dai janyo sabis ɗinta bai kai na babbar rawuta ba, kuma idan aka bar ta a caji dare da rana cikin zafin bazara, batirin kumbura yake yi.

Rawutar 4G ko 5G ita ce zaɓin mafi yawan gidaje, kuma a nan aka fi yin asara. MTN ta ƙaddamar da 5G a 2022 a birane bakwai, har da Kano da Maiduguri, Airtel ta biyo baya a 2023. Amma a ce akwai 5G a garinku ba ya nufin ta iso unguwarku. Zangon da take tafiya a kai ba ya cin nisa kuma ba ya ratsa bango sosai, idan ko ba ta samu ba, rawutar komawa 4G take yi shiru, ka biya kuɗin doki kana tafe a kan jaki. Tambayi mai sayarwa kuma: a kulle take da kamfani ɗaya, ko buɗaɗɗiya ce mai karɓar kowane layi? Buɗaɗɗiyar ta fi tsada, amma ranar da sabis ya lalace a unguwa, layi kawai za ka sauya.

Inda aka ajiye ta ma rabin aiki ne. Bayan talabijin, cikin kabad, ko ƙasa kusa da soket, duk wuraren kashe sabis ne, balle a gidan siminti mai rufin kwano. A ɗaga ta sama a taga mai fuskantar eriya. Kada ka yarda da sandunan nan huɗu da take nunawa. Juya ƙasanta, akwai takarda mai ɗauke da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza ka shiga, ka nemi RSRP, lambar da ke nuna ƙarfin sabis ɗin da ke isowa. Idan kana ganin -80 zuwa -90, kana da kyau. Idan ya kai -110, matsar da ita taga-taga har lambar ta gyaru, in ta ƙi, sai eriyar waje a kan rufi, muddin rawutar tana da wurin jona ta.

Sai batun datar da ake tallatawa wai ba ta da iyaka. Akasari tana da shi, a ƙananan rubutu yake: idan ka ci wani adadi, a rage maka gudu har ƙarshen wata. Tambaya ɗaya ce, bayan giga nawa ake ragewa, kuma zuwa nawa? Kallon awa ɗaya a Netflix da hoto mai kyau yana cin har giga 3, na 4K kuwa har 7. Gidan da yara ke hutu, lissafa da kanka. Tun da NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya daina zama na wasa.

Fayiba, wato intanet ɗin da ake jawowa ta waya mai ɗauke da haske, idan ta iso ƙofar gidanka, a ganina kada ka tsaya shawara. Cunkoson eriya bai dame ta ba, ruwan sama ma haka, kuma mai taron Zoom ko koyarwa ta intanet zai ga bambanci tun ranar farko. Matsalar ita ce a Arewa Abuja ce ta fi samun rabo, sauran birane unguwa-unguwa ne. Lagonta kuma a ƙasa yake: masu aikin titi ko haƙar kwata su datse waya, intanet ɗin duk gidajen layin ya mutu. Idan fitilar LOS a jikin na'urar ta koma ja, haske ne ba ya isowa ta wayar, ko ka kashe ka kunna sau ɗari ba abin da zai sauya. Don haka kada ka tsaya kan gudu da farashi. Je wurin maƙwabcin da ya riga ka sawa, ka tambaye shi kwana nawa suke yi kafin su zo gyara.

Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Ga asibitin ƙauye, gona, ko makarantar da ba eriya kusa, ba ta da na biyu. A cikin birni kuwa sai an yi tunani. Kayan da tsada, kuɗin wata da nauyi, farantin yana son sarari ba bishiya ba bene a gabansa, kuma ruwa mai ƙarfi yana katse ta na ɗan lokaci. Cunkoso ma bai bar ta ba: a ƙarshen 2024 ta dakatar da karɓar sabbin masu rajistar gida a Legas da Abuja saboda ta cika. Ga cin wuta: babban farantinta yana jan wat 75 zuwa 100, alhali rawutar 4G ba ta kai ko kusa ba. Wanda ba shi da sola da inbata, ya sa kuɗinsu cikin lissafi.

Wutar nan ma ita ce ɓoyayyen dalilin katsewa a gidaje da dama. Duk ɗaukewa da kawowa sai rawuta ta sake tashi daga farko. Ƙaramin batirin rawuta mai bolt 12 yana magance wannan, sai dai ka duba ya dace da abin da aka rubuta a jikin cajarta. Rawutar da ke mutuwa tana tashi da kanta kuwa, fara zargin cajar kafin kamfani.

Idan gudu ya ragu, jona kwamfuta da rawutar kai tsaye ta kebul ka sake gwaji. In ya dawo, laifin WiFi ɗin gida ne: duba na'urori nawa ke kai, ka sauya lambar sirri, domin wadda aka ba baƙo ɗaya ba ta tsayawa a wurinsa. In bai dawo ba, daga waje ne. Wani lokaci ma ya fi ƙarfin kamfanin, kamar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala tare. Shi ya sa layi na biyu na wani kamfani daban yake da amfani, ko da da ƙaramar data.

Kai ƙorafi kuma da tsari. Kira 300 a layin waya, ko lambar kamfanin fayibarka, ka nace sai an ba ka lambar ƙorafi, ka ajiye ta tare da hoton gwajin da ka yi da lokacinsa. Idan suka yi biris, kira NCC a 622, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan za su nema a wurinka.