Tankin faiba ya fara narkewa: a gyara ko a sayi sabo?

Duk wanda ya sayi tsohon jirgin ruwa na gwanjo daga Amurka don ɗaukar masu shaƙatawa a tafkin Jabi, ya fara duba tankin mai kafin ya duba fenti. Jirage da yawa da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1980 tankin faiba (zaren gilashi da aka daskarar da danƙo) gare su, kuma danƙon da aka haɗa faibar da shi ba ya jure itanol, wato sinadarin da ake gaurayawa da fetur. Feturin Amurka kuwa galibi kashi 10 cikin 100 nasa itanol ne. Mu ma nan ba mu tsira ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol, wani sinadari dangin itanol, shi ma cin danƙo yake.

Abin da ya fi damuna shi ne filta ba ta tare wannan danƙon, don narkewa yake cikin mai. Sai ya isa inji ya daskare. Makaniki zai buɗe kafireta ya tarar da baƙin abu mai yauƙi kamar kwalta, bawul sun maƙale. In ka danna bangon tanki ka ji laushi, ko warin fetur na tasowa daga ƙasan jirgi, magana ta ƙare.

Za a ce maka a shafe cikin tankin da gam mai jure itanol, wai ya fi araha. Sai an yanka tankin, an wanke, an busar da shi sarai, amma bangon da ya daɗe yana shan fetur da wuya ya riƙe shafen. Ranar da ya ɓamɓare, bututun mai zai toshe a tsakiyar ruwa da fasinja a ciki. Ban ba da wannan shawarar ba.

Tankin alminiyom yana da daɗi ta fuska ɗaya: mai walda zai ƙera maka daidai gurbin tsohon. Nemi alminiyom samfurin 5052, a gwada tankin da iska a ga ko yana yoyo kafin a ɗora. Abokin gabarsa ruwa ne. Itanol na jawo danshi, kuma ruwan da ya kwanta ƙarƙashin tanki a hankali yake huda shi, don haka a ɗaga shi iska ta riƙa ratsawa.

Ni dai tankin roba mai kauri, wanda aka yi musamman don jirgi, shi zan saya. Ba ya tsatsa, itanol ba ya cin sa. Sai dai girmansa a ƙayyade yake zuwa, kuma yakan ɗan kumbura bayan ya sha mai, sai a bar masa sarari.

Ƙaramin jirgi mai injin baya, jan tankin nan na ɗauka mai lita 25 ya wadatar.

Kowanne ka zaɓa, canja tiyon mai gaba ɗaya, a wanke kafireta. Kuma don Allah kada a sa injin yanka a tsohon tankin sai an tsiyaye man an kore tururinsa.