Dare uku a gidan adana zane-zane: majigin ya biya, kiɗan kuwa ya danganta

Katin shiga na shekara guda na yanka a wani gidan adana zane-zane, kuma gaskiya ba zanen ne ya ja ni ba. Abin da suke shiryawa bayan an rufe wa 'yan kallon rana ne: wani dare majigi, wani dare kiɗa. Sau uku ke nan ina zuwa.

Majigin na fara gani. Fim ne baƙi da fari na shekarun 1920, marar magana, ga mai piyano a gefen allo, idonsa a kan hoton, yatsunsa na bin duk abin da ya gani. Kafin a kashe fitilu wata ma'aikaciya ta yi ɗan bayani, ta ce irin waɗannan fina-finai tun asali da makaɗa ake nuna su, sai da sauti ya shigo daga 1927 aka fara sallamar makaɗan. Ta kuma warware mini abin da ya daɗe yana ba ni dariya, wato yadda mutanen cikin tsofaffin fina-finai ke tafiya fir-fir kamar an koro su. Ashe da hannu ake juya kyamarar, sau da yawa hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa guda, injinan da suka zo daga baya kuwa 24 suke ja. A nan sun daidaita gudun, sai ga mutane suna tafiya irin ta 'yan Adam, fuskokinsu cike da magana. Akwai wurin da mai piyanon ya ɗauke hannu gaba ɗaya na kusan rabin minti, ɗakin ya yi tsit, har numfashin na kusa da ni nake ji. Waya ba ta taɓa ba ni wannan ba.

A daren na gane dalilin da ya sa gidan zane yake nuna fim. Zaren fim na da, wanda aka yi da wani sinadari da ake kira naitiret, yana kama wuta nan take, yana kuma ruɓewa a ajiye, shi ya sa aka daina yin sa a farkon shekarun 1950. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta. Gidan adana zane-zane na MoMA da ke birnin New York tun 1935 ya buɗe sashen adana fim. Abin da ya tsira, kayan tarihi ne kamar zanen da ke rataye a bango.

Kiɗan kuma a babban zaure ake yi, mai daɓen marmara da rufi can sama. Dare na biyu mutum huɗu ne masu gogen Turawa, babu lasifika, amsa-kuwwar zauren ta ƙara wa sautin kauri da zaƙi. Ba ni da ƙorafi, in ban da sanyi. Saboda zanen ake riƙe ɗakunan a wajen digiri 20 da damshin iska kusan kashi 50, to wanda ya zo da riga shara-shara zai gane kurensa. Kujerun na naɗewa ne, bayan awa ɗaya baya ya fara kai ƙara. Ko ruwan sha ba a shiga da shi.

Dare na uku ne ya ɓata mini rai. Suka kawo ƙungiya mai ganguna da jita da manyan lasifikoki cikin zauren nan dai. Kowane bugu sai ya daki bango ya dawo ya haɗu da na bayansa, muryar mawaƙiyar ta nutse a ciki, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Makaɗan ba su da laifi, ginin ne ba a yi shi don ganga ba, kuma masu shiryawa sun fi kowa sanin haka. Da aka tafi hutun rabin lokaci ban koma kujerata ba. Na shige ɗakin zane ɗaya da suka bari a buɗe, na zauna a benci gaban wani hoton teku, ni da mai gadi kawai. Daga can, bayan bango biyu sun tace hayaniyar, na fara jin abin da matar take rerawa.